Shin hukunci mai sassauci a kan kisan kai yana zama izina, kuma adalci ne ga iyalan mamaci?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum, ma'abota wannan zaure. Akwai wata shari'a da na bi tun daga farkonta har ƙarshenta, kuma har yau ta ƙi barin zuciyata, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gabanku domin in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin doka da sanin addini. Shari'ar Oscar Pistorius nake nufi, ɗan tseren nan na Afirka ta Kudu da aka yanke wa ƙafafu biyu tun yana jariri, wanda ya yi suna a duniya da gudu a kan ƙafafun da aka ƙera masa, har ya fafata da masu ƙafafu lafiyayyu a gasar Olamfik ta Landan a 2012. A daren 14 ga Fabrairu, 2013, kafin asuba, ya yi harbi sau huɗu ta jikin ƙofar banɗakin gidansa da ke Pretoria, ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp, mai shekara 29, wadda take ciki. Shi dai abin da ya faɗa wa kotu shi ne ya ɗauka ɓarawo ne ya shigo masa gida.

A watan Oktoba na 2014 alƙaliya Thokozile Masipa ta ɗaure shi shekara biyar, bayan ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, kuma shekara ɗaya kawai ya yi a gidan yari aka mayar da shi ɗaurin talala a gidan kawunsa. Masu gabatar da ƙara suka ɗaukaka, kotun sama ta ce kisan kai ne sosai, aka mayar wa alƙaliyar da shari'ar, sai ta ba shi shekara shida a watan Yuli na 2016. Suka sake ɗaukakawa, a watan Nuwamba na 2017 aka mayar da hukuncin shekara 13 da wata biyar. A ranar 5 ga Janairu, 2024 aka sake shi bisa sharuɗɗa. Idan aka tara duk zaman da ya yi a gidan yari, bai cika shekara tara ba, alhali mahaifin yarinyar ya rasu a watan Satumba na 2023, wata huɗu kafin wanda ya kashe masa 'ya ya koma gida.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, mu Hausawa muna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, to idan abin da aka gani ga wane shi ne shekara takwas da 'yan watanni a kan ran mutum, wane tsoro ne zai shiga zuciyar mai niyyar aikata irin wannan? Na biyu, ko da an ce ba don tsoratarwa ake ɗaure mutum ba, shin za a iya kiran wannan adalci ga uwar da aka raba da 'yarta? Ina roƙon a amsa mini da hujja, domin ni kaina zuciyata ta riga ta karkata, kuma ina so in san ko karkatar tata a kan daidai take.

Tsohon Rijistara:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi kusan shekara talatin ina aikin kotu kafin in ajiye, saboda haka zan yi magana a kan abin da na gani da idona da kuma ɗan abin da na karanta.

Da farko ya kamata a raba hukuncin shekara biyar ɗin nan da na shekara shida, domin ba abu ɗaya ba ne. Shekara biyar ta biyo bayan samunsa da ƙaramin laifi ne, wato kisan da ya auku saboda sakaci, kuma kuskuren yana wurin tantance laifin. Abin da kotun ɗaukaka ƙara da ke Bloemfontein ta gyara a watan Disamba na 2015 shi ne, duk wanda ya yi harbi huɗu da bindiga mai ƙarfi cikin ɗan ƙaramin banɗakin da babu wurin tsira, ya san cewa wanda ke ciki zai iya mutuwa kuma ya ci gaba da harbin, saboda haka ko budurwarsa ce a ciki ko ɓarawo, kisan kai ya yi. Shekara shida kuwa ita ce ainihin sassaucin, domin dokar ƙasar ta 1997 ta ɗora mafi ƙarancin ɗaurin shekara 15 a kan kisan kai, sai fa idan akwai dalilai masu ƙarfi na ragewa. Alƙaliyar ta ga akwai su, kotun sama ta ce babu, ta ɗora shekara 15 ɗin sannan ta cire abin da ya riga ya yi. Daga nan ne shekara 13 da wata biyar ta fito. Sakinsa kuma ya zo ne bisa ƙa'idar ƙasar da ta ba fursuna damar neman saki bayan ya cinye rabin wa'adinsa, kuma yana ƙarƙashin sa ido har zuwa Disamba na 2029.

Game da izina, a nan ne nake ganin za mu ɗan saɓa. Afirka ta Kudu ta soke hukuncin kisa a 1995 ta hanyar hukuncin kotun tsarin mulkinta, kuma daga wancan lokacin yawan kashe-kashe ya yi ta raguwa har zuwa wajen 2011, sannan ya sake tashi, har aka ƙirga kisan mutum fiye da dubu 27 a shekarar lissafin 'yan sanda ta 2022 zuwa 2023. Dokar mafi ƙarancin ɗaurin nan tana nan lokacin da adadin ke sauka, tana nan kuma lokacin da yake hawa, saboda haka ba za a ce ita ce ta saukar da shi ko ita ce ta hau da shi ba. Abin da ya yi wa ƙasar katutu shi ne mafi yawan masu kisan ba a kama su ballantana a kai su gaban alƙali. A ɗaya ɓangaren kuma ga Norway, inda Anders Breivik ya kashe mutum 77 a rana ɗaya, 22 ga Yuli, 2011, aka yanke masa shekara 21, wadda ita ce iyakar dokarsu a lokacin, ko da yake irin ɗaurin da aka yi masa ana iya ci gaba da tsawaita shi muddin ana ganin yana da haɗari. Duk da wannan sassauci da mu a nan ba za mu iya haɗiye shi ba, ƙasar tana cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci a duniya.

Tun a 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya mai suna Cesare Beccaria ya rubuta cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, kuma ni zaman kotu ya gaskata mini maganarsa. A cikin ɗaruruwan waɗanda aka tsayar a gabanmu kan kisa ko fashi, ban tuna wanda ya san cewa sashe na 221 na dokar Final Kod, wato kundin dokar laifuka na jihohin Arewa, ya tanadi kisa, ko sashe na 224 ya tanadi ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka, kafin ya ɗauki wuƙa. Abin da suka sani sarai shi ne wane a unguwarsu ya sari mutum, an kama shi, bayan mako biyu an gan shi a majalisa yana shan shayi. Wannan ne gani ga wanen da ke aiki a zuciyar matashi, kuma ya fi duk abin da aka rubuta a kundin doka tasiri. Mu a Najeriya doka ba ta rasa tsanani ba, domin hukuncin kisa yana nan a kan kisan kai da fashi da makami, kuma akwai dubban mutane da ke jiran a zartar musu da shi, gwamnoni kuwa sun daɗe suna ƙin sa hannu. A lokaci guda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a ma same su da laifi ba tukuna. Ƙara yawan shekaru a takarda ba zai gyara wannan ba.

Amma akwai wurin da na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Idan sassaucin ya zo ne saboda mai laifin sananne ne, ko mai kuɗi ne da zai iya ɗaukar manyan lauyoyi da likitocin da za su bayyana halin da zuciyarsa ke ciki, to wannan guba ce ga kotu. An nuna shari'ar Pistorius kai tsaye a talabijin, kuma talakan Afirka ta Kudu da ɗan'uwansa ke cin shekara 15 a kan laifi iri ɗaya yana kallo.

Yayar Marigayi:

Baba Rijistara, Allah ya ƙara girma, na karanta bayaninka sau biyu kuma na ƙaru da shi. Sai dai ina neman izini in faɗi abin da lissafin ƙasashe ba ya nunawa, domin ni abin ya faru a gidanmu.

Ƙanena yana dawowa daga kasuwa da magariba wasu matasa suka tare shi don su ƙwace masa waya, ya riƙe, ɗaya daga cikinsu ya caka masa wuƙa a ƙirji, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ƙaramarsu ba a yaye ta ba. An kama wanda ya yi, kuma bai musa ba. Muka yi shekara huɗu muna zirga-zirgar kotu, yau a ce alƙali ya yi tafiya, gobe a ce ba a kawo wanda ake tuhuma daga gidan yari ba saboda babu mota, jibi a ce ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Shaidu biyu da suka ga abin da idonsu suka gaji suka daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, domin 'yan kasuwa ne masu neman na tuwo, ga kuma abokan yaron da ke yi musu kallon gargaɗi a bakin kotu. Daga ƙarshe aka sauya tuhumar zuwa mai sauƙi, aka yanke masa 'yan shekaru, aka ce a lissafa da zaman da ya riga ya yi. Babu wanda ya kira mahaifiyarmu ya tambaye ta ko ta yarda. A bakin wani maƙwabci muka ji cewa an gama shari'ar.

Bayan shekara ɗaya da rabi na haɗu da shi a bakin titi yana sayar da kayan waya. Ya gane ni, na gane shi, ya kawar da kai. Na dawo gida na kasa cin abinci kwana biyu.

Saboda haka idan ana maganar ko hukunci yana hana wasu aikata laifi, ni wannan tambayar masu mulki ce, kuma suna da haƙƙin yin ta. Tambayar da ke gaban wanda aka kashe wa ɗan'uwa daban take: nawa ne darajar ran da aka ɗauke, kuma wa ya ba wani ikon yafe abin da ba nasa ba? Ko da za a tabbatar mini cewa ɗaure yaron nan shekara ashirin ba zai hana ko mutum ɗaya ƙwacen waya ba, zan ce duk da haka a ɗaure shi, saboda jinin ƙanena ba kayan gwaji ba ne. Na tuna abin da ya faru a Indiya bayan fyaɗen da aka yi wa ɗalibar nan a cikin motar bas a Delhi a watan Disamba na 2012, wanda ya yi ajalinta. Ɗaya daga cikin masu laifin bai cika shekara 18 ba, sai aka ba shi shekara uku a gidan gyaran yara, aka sake shi a 2015 iyayenta na kuka a gaban 'yan jarida. Fushin jama'a ne ya sa majalisar ƙasar ta canja doka a wannan shekarar, yadda za a iya yi wa ɗan shekara 16 zuwa 18 shari'ar manya idan laifin ya munana.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro fiye da komai. Babban ɗan marigayin yanzu ya tasa, ya san sunan wanda ya kashe ubansa, ya san inda yake zama, kuma na taɓa jin sa yana faɗa wa abokinsa maganar da ta hana ni barci. Kullum muna yi masa nasiha, amma da kotu ta yi abin da ya kamata, da ba mu da wannan aikin.

Almajirin Fikihu:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanenki, ya raya abin da ya bari, ya sanyaya zuciyar Inna. Tambayar da kika yi, wato wa ya ba wani ikon yafe abin da ba nasa ba, ita ce ainihin inda shari'ar Musulunci ta bambanta da tsarin da muka gada daga Turawa, kuma ina ganin a nan ne amsar Malam mai tambaya take.

A tsarin kotunan zamani, kisan kai laifi ne da aka yi wa hukuma, shi ya sa ake rubuta sunan gwamnati a matsayin mai ƙara, iyalan mamaci kuwa iyakarsu su zama shaidu ko 'yan kallo. Hukuma ce ke tuhuma, ita ce ke rage tuhuma, kuma sashe na 175 da na 212 na tsarin mulkin Najeriya sun ba shugaban ƙasa da gwamna ikon yin afuwa. A Musulunci kuwa jinin wanda aka kashe da ganganci haƙƙin waliyyansa ne. Aya ta 178 a cikin Suratul Baƙara ta wajabta ƙisasi, sannan a cikin ayar nan ɗaya ta buɗe ƙofar rangwame daga ɗan'uwan mamaci, ta kira wannan sauƙi da rahama daga Ubangiji, aya ta 179 kuma ta ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa. Wato addini bai ƙi sassauci ba, har ma ya kwaɗaitar da shi, amma ya ajiye makullinsa a hannun waɗanda aka zalunta. Sassaucin da uwa ta yi da bakinta bayan an tabbatar mata cewa ran makashin ɗanta yana hannunta yana kashe wutar gaba. Wanda aka yi a bayan idonta kuwa hura wutar yake yi, kamar yadda Hajiya ta bayyana game da ɗan marigayi.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar al'amarin a hannun iyali kaɗai ba, domin sun san al'umma ma tana da nata haƙƙin. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa mai kisan ganganci, ko da waliyyai sun yafe masa, ana yi masa bulala ɗari a kuma tsare shi shekara guda. Ya kuma san cewa kisan gilla, wato a yaudari mutum ko a yi masa kwanton ɓauna a kashe shi don a ɗauki abin hannunsa, babu afuwa a cikinsa ko daga waliyyai, saboda ɓarna ce a bayan ƙasa da ta shafi kowa. Kalmar gilla ɗin nan da muke ji kullum a labaran rediyo daga wannan babin na fikihu ta shigo Hausa. Kisan kuskure kuma yana da diyya, raƙuma ɗari ko dinari dubu, wadda dangin mai kisan ke haɗuwa su biya, ga kaffarar azumin wata biyu a jere a kansa. Babu inda aka bar jini ya tafi a banza.

Akwai wani abu a shari'ar Pistorius da ya ja hankalina ta wannan fuskar. A lokacin sauraron bayanai kafin yanke hukunci a 2014, ya fito fili cewa yana ba iyayen yarinyar rand 6,000, wato kuɗin Afirka ta Kudu, duk wata saboda halin rashin da suke ciki, kuma ya yi musu tayin rand 375,000 a dunƙule, suka ƙi karɓa, uwar ta ɗauke shi a matsayin kuɗin jini. Ina ganin dalilin ƙin nasu a bayyane yake. Kuɗin da mai laifi ya miƙo da kansa tun kafin a yanke hukunci, wanda lauyansa zai iya kafa hujja da shi don neman rangwame, ya yi kama da sayen shiru. Diyya kuwa haƙƙi ce da shari'a ta ƙayyade bayan laifi ya tabbata, mai karɓarta ba ya jin an saye shi.

A kan fifita mai suna da Baba Rijistara ya ambata, hadisin matar nan ta Banu Makhzum ya wadatar. Ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata ceto saboda darajar gidansu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan babba ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Sai dai ina jan hankalinmu kada zafin rai ya sa mu manta da ɗaya gefen: ƙa'ida ce sananniya cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma a inda ake karɓar iƙirarin laifi da duka, tsananta hukunci ba tare da gyara bincike ba zai iya kai marar laifi ga igiya.

Bakatsine:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya yi. Ni zan kawo misalin sassaucin da ya wuce na kotu, wato wanda ko kotun ma ba a je ba, domin mu a Katsina da Zamfara mun gwada shi da rayukanmu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ta sake yi a 2019, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ita ma ta yi nata a 2019. An karɓi 'yan bindigogi, an saki wasu da ke tsare, an kira su tubabbu. Daga baya Masari da bakinsa ya ce sun ci amana kuma ba zai ƙara zama da su ba.

Labarin Auwalu Daudawa ya isa misali. Shi ne ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020. A watan Fabrairu na 2021 aka karɓe shi a Gusau, ya miƙa makamai, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya tuba, kuma babu alƙalin da ya tsaya a gabansa ko na yini ɗaya. Bai cika wata uku ba ya koma daji, inda aka kashe shi a faɗa da wata dabar a ƙarshen Afrilu. A cikin watannin da suka biyo bayan Ƙanƙara aka ɗebi ɗalibai a Kagara, aka ɗebi 'yan mata a Jangebe, aka shiga Afaka, aka shiga Tegina, aka shiga Birnin Yawuri. Ba na cewa sulhun ne kaɗai ya jawo wannan, domin kuɗin fansa da rashin jami'an tsaro a ƙauyuka suna da nasu kason, amma duk wani ɗan bindiga da ke dajin ya ga abin da ya sami wanda ya fara, kuma abin da ya gani ba abin tsoro ba ne.

Saboda haka ina ganin maganar Baba Rijistara da ta Malam mai tambaya ba su yi nisa da juna ba kamar yadda ake zato. Mai kisa cikin fushi, irin wanda ya harbi ƙofar banɗaki da tsakar dare, wataƙila ba ya lissafin shekaru. Amma mai satar mutane ɗan kasuwa ne, yana auna riba da asara kafin ya fito, kuma a wurinsa sassauci ragin farashi ne. Manomin da aka kashe wa 'ya'ya, aka kore masa shanu, sannan ya ga wanda ya yi masa haka a hoto tare da manya, shi ne gobe zai shiga 'yan sa-kai ya je ya kashe Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba, daga nan kuma sabon zagaye ya fara.

Ɗan Ƙofar Mata:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Baba Rijistara, abin da ya tsaya mini yanzu shi ne, a Afirka ta Kudu sau biyu masu gabatar da ƙara suna komawa kotun sama har aka gyara hukuncin. Shin a nan gida iyali irin na Hajiya suna da wata hanya idan suka ga an yi sassaucin da bai dace ba, ko kuwa sai dai su bar wa Allah?

Tsohon Rijistara:

Akwai hanya, Malam, ko da yake ƙunƙuntacciya ce. Iyali ba su da ikon ɗaukaka ƙarar laifi da kansu a babbar kotu, domin ba su ne masu ƙara ba, amma suna iya rubuta koke zuwa ga Antoni Janar na jiha ta Ma'aikatar Shari'a su nemi a ɗaukaka, kuma wa'adin yin haka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne daga ranar hukunci, bayan nan sai an nemi izinin kotu tare da dalilin jinkiri. Tun shari'a na gudana ma suna iya ɗaukar lauyan da zai riƙa zama a kotu yana sa ido a madadinsu, kuma na sha ganin yadda kasancewar irin wannan lauya kaɗai ke hana fayil ɓata ko tuhuma sauyawa a ɓoye. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta ambaci yardar wanda aka cuta ko wakilinsa a wurin yarjejeniyar rage tuhuma, ta kuma ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyya.

Hajiya, 'yata, ga abin da nake ba ki shawara. Ki sa wani namiji babba a gidanku ya je rajistarar kotun da ta yi shari'ar ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi, haƙƙinku ne kuma kuɗinsa kaɗan ne, sannan ku kai wa lauya ya duba ko an bi ƙa'ida wajen sauya tuhumar, da kuma ko akwai damar neman diyya domin marayun nan uku. Idan babu halin ɗaukar lauya, ku fara da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke jiharku. Shi kuma yaron, idan an samo takardar, a zaunar da shi a gaban kakarsa da wani malami da yake jin nauyinsa, a karanta masa ita, a nuna masa matakin da gidan ya ɗauka a kan jinin mahaifinsa.